Yaran da Kwamitinku Ya Ce na Aro Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Tallafin Kula da Ƙananan Yara da Matasa, mai kula da yankin Anka, Gummi da Bukkuyum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ranka shi daɗe, ina fatan kana lafiya, da iyali, da 'yan kwamitinka, da direban Landirobarku, wanda shi kaɗai ne ya yi mini sallama ranar da suka zo. Ina yi maka sannu da aiki, don na san aiki ya yi muku yawa, tunda takarda biyu na aiko ofishinka ko tari ban ji ba. Shi ya sa na ba hedimastan garinmu wannan ya kai wa masu jarida. An ce mini ku manya kun fi saurin ganin takarda idan duniya ta riga ku karantawa.

Sunana Hauwa'u, ana ce mini Inna Kulu ungozoma. Ina zaune a wani ƙauye kan hanyar Nasarawa Burkullu, ƙasar Bukkuyum. Da hannuna nake rubuta wannan, na yi yaƙi da jahilci, in ka ga baƙi ya karkace ido ne ya tsufa. Ni ce matar da rahoton kwamitinka ya ce ta aro yara talatin da ɗaya ta tara a rumfa don ta ci tallafin gwamnati. To, ga mai aron nan ta zo da kanta ta yi bayani.

Na farko, yadda rumfar ta samu.

Ba kwamiti ne ya kafa ta ba. Shekarar da aka yi farin nan da gero ya ƙone a tsaye, na riƙa ganin yaran da ni na yanke wa cibiya suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, yaro ya daina ko kuka. Uwayensu ba sakaci suke yi ba. Mai gona tana gona tun hantsi bai fito ba, mai nono tana kan hanya da ƙwarya a ka, sai ta zaga ƙauye uku kafin ta sayar. Sai na sa aka kafa mini rumfar kara a bayan gidana, gindin tsamiya, aka kewaye da zana. Na ce duk macen da za ta fita ta ajiye mini ɗanta, ta ajiye abin da take da shi. Matan gari su kawo tafin gero ko gyaɗa, matan ruga su zuba ludayi biyu na nono, mu dama kunu a tukunya ɗaya kowa ya sha. Ba ni da sikeli, don haka ranar da aka fara kawo yaro nakan ɗaura masa zare a damtse. In zaren ya matse, in tsinke in ɗaura wani, mu yi hamdala. In ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu, na san da magana. Damina huɗu muna haka ba mu roƙi kowa ko allura ba.

Sai muka ji a rediyo cewa an ware tallafi ga duk garin da ke da wurin kula da ƙananan yara, a zo a cika fom. Wallahi da na san abin da zai biyo baya, da na murɗe kunnen rediyon na koma damun kununa. Hedimasta ya taimake ni muka cika. Abin da na roƙa bai wuce uku ba: kwanon rufi, don rumfar kara ba ta tare ruwan sama, babbar tukunyar ƙarfe, da hatsin da zai riƙe mu watannin nan da rumbu ke yin ƙasa kafin sabo ya nuna. Fom ɗinku ya ce a rubuta sunan yanka na kowane yaro, ban da laƙabi. Muka bi doka sau da ƙafa. Na taka har wurin liman, na taka har ruga wurin tsofaffi, muka tattaro sunayen nan tsaf, hedimasta ya jera su da kyakkyawan rubutu. Ashe igiyar da za a ɗaure ni da ita nake tufkawa.

Na biyu, ranar da aka turo a duba mu.

Wata Laraba ce, rana ta take. Mutum uku suka zo: direba, da wani dattijo da ya nemi tabarma ya kwanta gindin tsamiya bai farka ba sai da aka tashi mota, da wani matashin ma'aikaci mai tabarau da biro uku a aljihu. Na yanka musu zabbi biyu. Sun ci, sun suɗe hannu, kuma ina shaida maka babu wanda ya nemi sanin sunan zabbin ko uwar da ta ƙyanƙyashe su kafin ya kai baki.

Da aka gama ci, mai tabarau ya buɗe fayil, ya miƙe tsaye ya fara kiran suna kamar a aji. Ya ce Abubakar, shiru. Ya ce Usmanu, shiru. Ya ce A'ishatu da ƙarfi, wata tunkiya ta amsa daga bayan zana. Ranka shi daɗe, yaro ɗan shekara biyu, wanda tun da ya buɗe ido ake ce masa Ɗanjuma ko Ɗanladi, yaushe ya taɓa jin an ce masa Abubakar? Ranar da aka raɗa masa sunan nan kwanansa bakwai a duniya, kuma barci yake yi. Mai tabarau ya girgiza kai, ya zaro biro na biyu.

Sai ya ce a jera masa uwaye. Kowace ya yi mata tambaya uku, a gaban maza, a gaban mai gari da ya zo taya ni karɓar baƙi: wannan ɗanki ne, yaya sunansa, kuma 'ya'yanki nawa?

A nan ina jin nauyin in koya wa Bahaushe babba kamarka abin da ya tashi a cikinsa, amma tunda rahoton ya bi ta teburinka ka sa masa hannu, dole in faɗa. Macen da ke da 'ya'ya biyar ba ta buƙatar rumfata. Tana da babbar ɗiya da za ta goya mata ƙarami. Wadda ke buƙatata ita ce mai haihuwar fari, wadda ba ta da kowa a ɗaki da zai riƙe mata. Don haka cikin yaran nan talatin da ɗaya, ashirin 'yan fari ne. To, wace uwa ce a ƙasar nan, daga Anka har Gummi, ta gari ko ta ruga, za ta tsaya gaban maza ta buɗe baki ta ce wannan ɗan farina ne, sunansa wane? Ko a ɗakinta, ita da shi, ba ta kiran sunan. In yana kuka gaban mutane, kau da kai take yi har wata ta ɗauka. Kuma wace mai hankali ce ke ƙirga 'ya'yanta da baki don baƙo ya tambaya?

Wasu suka ja mayafi suka rufe fuska suna dariya. Wata ta ce na gidansu ne. Wata ta ce a tambayi kakarsa. Wata ta sulale ta bayan tsamiya, saura kaɗan ta taka dattijonku. Duk wadda ta yi haka, biro ya yi ƙara a kan takarda. Na matsa in yi bayani, mai tabarau ya ɗaga mini hannu, ya ce a ƙa'ida mai neman tallafi ba ta da baki lokacin bincike. Na haɗiye maganata, a cikin gidana, a kan tabarmata.

Ta ƙarshe a layi ita ce Dije, Bafulatana daga rugar da ke gabas da mu. Ka riƙe sunanta, don saboda ita nake wannan rubutu. Ɗiyarta 'yar fari ce, sannan sunan uwar mijinta aka sa mata, kunya ta hau kan kunya ke nan. Mu a rumfa Inno muke ce wa yarinyar. Da aka fara kawo mini ita bara, ba ta iya zama sai an tokare ta da zane, ƙafafunta a kumbure, in ka danna yatsa sai ya bar rami. Dije takan taso tun daga ruga ta ajiye ta, ta zuba nononta mafi kauri a tukunyarmu, ta juya ta tafi ba ta ko kalli yarinyar ba. Amma ni na sha kama ta tsaye a bayan zana tana leƙe ta kafar kara, sai ta ga an ba ɗiyar kunu ta haɗiye sannan ta ɗauki ƙwaryarta. Zare uku na tsinke wa Inno kafin kaka. Ranar da ta fara tafiya, Dije ta kawo mini man shanu, ta ce wai ragowa ne ba a saya ba.

Wannan matar ce mai tabarau ya tsare da ido ya ce, ke, wannan taki ce? Yarinyar fa tana manne da ƙafarta, ta cusa fuska cikin zanenta. Dije ta dubi ƙasa ta ce ɗiyar mutane ce. Ya ce sunanta? Dije ta kau da kai. Ya sake tambaya har sau uku, yana ƙara murya. Ta ɓamɓare hannun yarinyar daga zanenta ta fice. Ya zaro biro na uku.

Na uku, takardar da kuka aiko.

Ta zo da Turanci, an buga ta da tafireta, ta hannun mai gari. Aka kira hedimasta ya fassara a ƙofar fada, ranar da mutane suka cika. Ta ce yara ba su amsa sunayensu ba, uwaye ba su san sunayen ba, wasu ma sun musa cewa nasu ne, saboda haka alamu sun nuna an tattaro yaran ne daga wani wuri don ranar kawai. An ƙi ba da tallafi, kuma an sa sunana cikin waɗanda ba za a sake karɓar fom ɗinsu ba.

Ranka shi daɗe, ina da tambaya. Daga wane gari na aro su? A wace kasuwa ake ba da aron yara masu zare a damtse? Wa ya mayar da su da yamma, a kan jaki ko a kan kai? Ni da jikokina biyu ma ba sa zama wuri ɗaya in na ce su zauna, ni ce zan kora talatin da ɗaya daga wata ƙasa su zauna lafiya suna shan kunu? In ina da wannan baiwa, ai kamata ya yi ku ɗauke ni aiki.

Yanzu a garinmu sunana ya koma Kulu mai yaran aro. In na je rijiya sai wata ta ce, Inna, ara mini biyu zan tafi biki. Ina dariya tare da su, don in ban yi dariya ba kuka zan yi. Shekara talatin ina karɓar haihuwa a ƙasar nan, ko ƙyalle ba a taɓa cewa ya ɓata a hannuna ba. Sai da tsufana takarda mai hatimi ta zo ta ce ni maƙaryaciya ce. Abin ya ci mini rai, ranka shi daɗe, kuma har yanzu yana ci.

Na ji inda tallafin ya tafi, na kuma hau motar kasuwa na je na gani da idona. Ba zan faɗi garin ba, mutanensa ba su yi mini komai ba. Yana bakin kwalta, inda Landiroba ba ta shan wahala. Akwai allo mai fenti, akwai lilon ƙarfe, akwai kwano sabo fil yana ɗaukar ido. Na ƙirga awaki bakwai suna hutawa a inuwarsa. Ban ga yaro ba, amma wataƙila ranar an mayar da su ne. Na tabbata awakin nan da an kira su za su amsa.

Na huɗu, shi mai tabarau.

Ban gane shi ba sai da ya cire tabarau zai wanke hannu, na ga tabon ƙuna a gefen girarsa. Farkon aurena a Gummi na zauna, katanga ɗaya da innarsa, mai sayar da daddawa. Ni na ɗebo ruwan wankansa na fari, kuma ina wurin ranar da ya faɗa murhu ya sami tabon nan. Shi ne ɗan farinta. Shekarun da na yi a Gummi ban taɓa jin sunansa a bakin matar nan ba. In za ta aike shi, ni take cewa, Kulu, gaya wa wancan ya kawo itace. Da zai tafi makarantar kwana ta sayar da tunkiyarta ta saya masa akwati, ta ba ni na miƙa masa, ita ta shige ɗaki ta juya baya. Tana nan da ranta. Ka tura biro uku su je Gummi su tsayar da ita gaban maza su ce, wannan naki ne, yaya sunansa? In ta faɗa, ni Kulu na yarda ku zo ku rushe rumfata, ni zan ba ku gatari. In kuwa ba ta faɗa ba, to bisa ƙa'idar kwamitinku ma'aikacinku na aro ne, sai ku mayar da shi inda kuka samo shi. Ni ma ban kira sunansa a nan ba, albarkacin innarsa.

Ban ce mugu ne ba. Ya tafi makaranta ya dawo, ya bar abin da ya sani a bakin ƙofar ofis tare da takalman gida. Amma shi yaro ne. Kai da ka karanta rahoton ka sa hannu, ai kana da furfura.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni yin shiru.

Da labarin takarda ya bazu, wasu a gari suka fara cewa matan ruga ne suka kore mana tallafi da taurin bakinsu, alhali na gari ma ba su faɗa ba. Magana ta kai ruga. Mijin Dije ya ji haushi, ya ce matarsa ba za ta sake taka rumfar da ake tsare mace a tozarta ta ba. Wasu mazan suka bi sahunsa. Nono ya ragu a tukunya, yara tara suka daina zuwa. Bayan sati biyar na ɗauki sandata na taka har rugar. Na tarar da Inno zaune a ƙofar bukka, uwar ta tafi talla, shanu ba su da nono sosai don rani ya yi nisa. Na kama hannunta na ɗaga. Zaren da na ɗaura mata, wanda nake shirin tsinkewa don ya matse, ya zame har gwiwar hannu.

Ran Juma'ar da ta wuce, da safe, ina wanke tukunya, na ji motsi a bayan zana. Dije ce. Ba ta shigo ba. Ta ce, "Inna, ki kira masu motar nan su dawo. In don ni anka hana, za ni faɗi." Na ce za ki faɗi me? Ta ce sunan, da cewa tata ce, gaban kowa. Har ta ce bari ta gwada a gabana tunda ba kowa. Ta buɗe baki, ranka shi daɗe, ta yi ta yi abin ya ƙi fita, sai hawaye. Yau shekara nawa ina ganin matan ruga suna naƙuda ba su ce wash ba, ban taɓa ganin hawayen ɗayarsu ba sai ran nan. Na ce mata ta rufe bakinta, ba ita ce za ta koyi sabon hali ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, da ladabi.

A dawo a sake duba mu kafin ruwa ya sauka, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, karan rumfar kuma ya ruɓe, ba zai kai wata damina ba. In an zo, kada a kira suna, kada a jera kowa. A zo da la'asar, lokacin da mata ke dawowa daga gona da talla, a sami tabarma a zauna a yi shiru. Dattijonku ya iya wannan, a dai tashe shi. Ku zuba ido ku ga wurin wa kowane yaro zai ruga da gudu. Ba a ba da aron wannan. In kuma dole sai an ji suna, ga liman, ga kakanni, ga ni da na yanke cibiya.

Takardar da ta ce ni maƙaryaciya ce a janye ta, a rubuto wata, da Hausa, a karanta ta a ƙofar fadar da aka karanta ta farko, ranar da mutane suka cika. Mazan ruga ba za su saki matansu ba sai sun ji da kunnensu cewa ba laifinsu ba ne.

In kwano ya ƙare, in tukunya ta yi tsada, in awaki sun riga mu ga hatsin, na haƙura, da ma can ba da su muka fara ba. Wannan takarda ta biyu dai nake so, don ita ce za ta dawo mini da Inno gindin tsamiya tun zaren bai fita ta yatsunta ba.

Allah shi ƙara maka girma da lafiya, shi ba ka ikon gyara abin da hannunka ya sa wa hannu. Allah shi raya maka zuriya, shi sa kada wata rana a tsare ɗiyarka gaban maza a ce sai ta zaɓa tsakanin kunyarta da cikin ɗanta. In mahaifiyarka na raye Allah shi ƙara mata lafiya, in ta riga mu Allah shi haskaka makwancinta.

Wassalam.

Ni ce Hauwa'u, wadda ake kira Inna Kulu ungozoma. Ni ma 'yar fari ce. Innata har ta koma ga Allah ba ta kira ni da ko ɗaya cikin sunayen nan ba, kuma ita ta haife ni.